Babi na Shida: Ɗan Abin da Ya Samu

A Birnin Kebbi ba a cewa za a kawo wa baƙo abinci. Maigida zai leƙa cikin gida ya ce a kawo ɗan ruwa. Ruwan zai zo kuwa, amma ba shi kaɗai ba. Bayansa akwai kwanon fura da aka dama da nono, bayan furar kuma yaro zai shigo zaure da tire: malmala uku ta tuwon shinkafa, miyar kuka, da bandar kifi da ta kai tafin hannu. Maigida zai dubi tiren ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka iske mu ba shiri. Ka ɗan taɓa." Baƙon, wanda tun daga Jega cikinsa ke ƙugi, zai ce ai a ƙoshe yake, sai dai ya sa albarka. Daga nan ya wanke hannu ya tashi da malmala biyu.

Babu wanda ya ruɗi wani a zauren nan. Maigida ya san uwargida ta tashi tsaye tun da aka ce baƙo na hanya, ya kuma san kifin miyar kwana biyu ne aka juye a tukunya ɗaya. Baƙon ma ya sani. Abin da suke yi shi ne rage wa juna nauyi. A wurin Bahaushe alheri bashi ne ko ba a rubuta ba, wanda ya ci naka yana tafe da shi a wuya har ranar da za ka ci nasa. Idan mai bayarwa ya tsaya bayyana girman abin da ya bayar, ya ƙara wa bashin nauyi, ya kuma kama hanyar gori, alhali ba abin da ke ɓata kyauta kamar gori. Saboda haka sai ya ƙanƙantar da ita tun kafin ta bar hannunsa. Naira dubu 20 ta zama na shan ruwa a hanya. Turmin atamfa ya zama ɗan ƙyalle. Buhun shinkafa da aka ɗora wa surukai a bayan mota ya zama 'yar tsaba, a dafa wa yara.

Aikin mai karɓa shi ne ya mayar wa abin girmansa, har ya ƙara masa. Saurayi ma'aikaci ya dawo gida daga Abuja, ya durƙusa ya gaida ƙanwar mahaifinsa. Da zai tashi sai ya naɗe kuɗi ƙanana-ƙanana, ya dunƙule su a hannun dama, ya tura gefen tabarma.

"Gwaggo, ga wannan a sayi goro."

Ba za ta duba ba, balle ta ƙirga. Za ta ce, "Haba ɗan nan, kullum kai ke nan da ɗawainiya? Duk wannan? Allah shi yi maka albarka, Allah shi ba ka masu yi maka." Ta ce "duk wannan" alhali ba ta san ko nawa ba ne. Sai ya fita za ta warware ta gani, ta ƙulle a bakin zane. Shi ya rage, ita ta ƙara, kuma a tsakanin ragin da ƙarin kowa ya tashi da mutuncinsa. Da abin da ya kawo ya kasance ɗari biyar kacal, maganarta ba za ta canza ba, kuma a nan amfanin al'adar yake. Mai ɗari biyar da mai dubu hamsin magana ɗaya suke faɗa, addu'a ɗaya ake yi musu. Talaka yana iya zuwa suna ko gaisuwar mutuwa ba tare da an auna shi a gaban jama'a ba. Wanda kuwa ya buɗe ya yatsina fuska, da ma an tanadar masa karin magana: maraina kaɗan ɓarawo ne.

A 1974 aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Cikin halayen da ya lissafa akwai karamci, akwai kuma kunya. Jeri bai nuna cewa waɗannan biyun suna jan mutum gabas da yamma ba, amma suna yi. Karamci yana so ka ba da mai yawa, kunya tana hana ka a ga kana nuna yawan. Wanda ya iya zaman duniya sai ya biya wa karamci da hannu, ya biya wa kunya da baki.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Waɗanda suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da farkon 1980 da yawansu sun zauna a gaban malamai 'yan ƙasar Filifin, kamar yadda asibitoci suka ga likitocinsu da nas-nas ɗinsu a lokacin da kuɗin mai ke ambaliya. Mutanen shinkafa da kifi ne, irin Kabawa. A harshen Tagalog, wanda a kansa aka gina harshen ƙasar, idan aka zo zuba wa baƙo abinci yakan ce "konti lang po", wato kaɗan kawai, da ɗan ƙarin girmamawa a ƙarshe, kuma mai gida ba ya ɗaukar maganar da gaske. Su ma mai masauki yakan ba da haƙuri kan abincin da ya cika tebur. Matafiyinsu ba ya komawa gida ba tsaraba, kuma idan ya miƙa ta sai ya ce ba wani abu ba ne. Suna da tsohuwar fahimta cewa alheri bashi ne da ke zaune a zuci, ba a gama biyansa da kuɗi. Duk inda mutane suka ɗauki alheri da irin wannan nauyi, sai ka tarar sun koyi sassauta shi da harshe.

Kamanceceniyar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta kasuwa. A kowace unguwa a Filifin akwai ɗan shagon da suke kira sari-sari, sau da yawa tagar gida ce kawai aka buɗe, inda ake sayar da komai a tsinke: sigari kara ɗaya, man gashi a 'yar leda, mai a ƙaramar kwalba. Mai tebur ke nan na ƙofar gidajenmu a Badariya ko Nassarawa, mai ƙullin sukari da ƙullin omo, mai sayar da tumatirin gwangwani cokali-cokali da magi ƙwaya biyu. Wannan ciniki ba ladabi ya haife shi ba, rashi ne. Wanda ke samun kuɗinsa kullum-kullum, kullum-kullum yake cefane, kuma idan aka tara lissafin wata, shi ne ya sayi sukari da tsada fiye da mai sayen buhu. Sai dai ladabi ya zo ya lulluɓe rashin. Ba a cewa "abin da nake da shi ke nan." Cewa ake "a ba ni ɗan na yau."

A tsaya a layin masu awo a kasuwar Argungu da yamma, lokacin da masu cefanen dare ke zuwa. Dattijuwa ta iso gaban mai shinkafa, ta ɗebo 'yar kaɗan a tafin hannu, ta murza, ta duba ko akwai tsakuwa.

"Malam, auna min ɗan na tuwon dare."

Bai tambaye ta tiya nawa ba. Ya ga abin da ke hannunta, ya san rabin tiya ne, kuma akwai mutane a tsaye. Ya cika ma'auni, ya tara hannu a bakinsa har shinkafa ta yi tsororo, ya juye mata a leda.

"Ba gyara?"

"Inna, kasuwar ce sai a hankali." Amma hannunsa ya riga ya koma cikin buhu. Ya ɗebo abin da bai cika tafi ba ya watsa a kai.

Gyaran nan ba shi da ma'auni, kuma ba a son ya samu. Ranar da aka ce gyara gwangwani guda ne, ya zama cikin farashi, ya daina zama alheri. Ƙanƙantarsa ce ke sa ya yi aiki: yana gaya wa mai saye cewa an san ta, gobe ma ta dawo nan. Mai kifi yana ɗora ɗan ƙarami a kan kashi, mai nama yana jefa 'yar tsoka ko kitse, mai nono tana ƙara ludayi. A Filifin ma ana roƙon wannan ƙari a kasuwa, kuma ana ba wanda ya saba saye a wuri ɗaya. Ko ƙin sayarwa ma a kasuwarmu ba a yin sa da "ya yi kaɗan". Idan tayi bai kai ba sai mai kaya ya ce "albarka", ya yi wa kuɗin da ya raina addu'a, ya bar ƙofa a buɗe.

Tsofaffin kuɗi sun mutu sun bar sunayensu a wannan hidima. Anini, wanda goma ke yin kwabo ɗaya, ya daɗe da ɓacewa. Sisi da taro da sule sun tafi da fam bayan da naira ta zo a 1973. Amma har gobe matashin da bai taɓa ganin ko ɗaya ba zai rantse ba shi da ko anini, ko sisin kwabo.

Inda abin ya fi zurfi shi ne a gona da ruwa. Fadamar gulbin Rima, tun daga Augie ta biyo Argungu da Birnin Kebbi ta gangara Bunza, tana cikin manyan wuraren noman shinkafa a Nijeriya. A Nuwamban 2015 a Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance. A 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a 2017 aka buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Kuɗi sun shiga fadama, masu noman rani sun yi babura, wasu sun sauke farali. Amma tambayi manomin da ya ɗaure buhu tamanin yadda gona ta yi. Zai ce, "To, alhamdu lillahi, an samu ɗan na abinci." Wanda ambaliyar 2020 ta shafe gonarsa, a shekarar da ruwa ya cinye shinkafa mai ɗimbin yawa a jihar, shi ma kusan abin da zai ce ke nan: "An ɗan taɓa mu, amma da godiya." Daga bakin mutum ba ka gane wanda ya cika rumbu da wanda ya tashi da tabarma.

Dalilan sun fi ɗaya, kuma ba dukansu ne na ladabi ba. Akwai tsoron baki, don an yi imani abin da aka cika yabo ko aka cika ƙirgawa ba ya albarka. Shi ya sa ba a son tambayar mace 'ya'yanta nawa, ba a kuma tambayar Bafillace yawan shanunsa. Akwai 'yan uwa, waɗanda idan suka ji tamanin, kowa zai tuna da bikin da ke gabansa. Akwai kuma tsohon darasi na zamanin En'e, lokacin haraji da jangali, da ya koya wa talaka cewa duk mai tambaya da takarda a hannu ba don ya ƙara maka yake tambaya ba. Jami'in gona da ya taɓa yawo ƙauyuka da takardar tambayoyi ya san wannan: idan ana zaton tallafi ne, gona takan yi girma, idan ana zaton karɓa ne, amfani yakan tsuke. Ina ganin duk wanda ke karanta alƙaluman noma na ƙasar nan ya kamata ya riƙa tuna wa aka tambaya, da abin da wanda aka tambaya ya zaci za a yi da amsarsa.

Masunta ma haka. Basarken da ya kwana a ruwa ya cika kwalekwale zai ce an samu na miya. Rana ɗaya ce ake jingine wannan kawaici, ranar kamun kifi na bikin Argungu. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. A ranar dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, a ruwan da aka hana kamu a cikinsa sauran shekara. Wanda ya cafko giwan ruwa ba ya cewa ɗan kifi ne. A kafaɗa ake ɗauko shi, a rataya a sikeli a gaban Sarkin Kabi da baƙi, a faɗi nauyinsa da lasifika. Kifin da ya zo na ɗaya a 2020 kilo 78 ne. A nan an yarda a yi alfahari, don gasa ce, kuma kyauta tana bin sikeli.

Wannan ya nuna cewa mutanen da suka ƙware wajen ƙanƙantar da abu sun san awo sarai, sun kuma san inda ba a wasa da shi. A wurin ɗaurin aure babu "ɗan abin da ya samu". Ana faɗin sadaki da adadinsa a gaban shaidu, a ce lakadan ba ajalan ba, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita don na bayan taro su ji. A mazhabar Malikiyya ma an yanke mafi ƙarancinsa, rubu'in dinari. Zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce ga kowane mutum, mudun Annabi huɗu. Zakkar hatsi tana da nisabinta, wusiƙi biyar, kuma manomin fadama ya san bambancin: abin da ruwan sama ko ambaliya ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Manomin da ya ce wa maƙwabci an samu ɗan na abinci, shi ne zai zauna da malami ya faɗi buhu tamanin ba ragi. Sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da gargaɗin masu tauye mudu ta buɗe, kuma ba ɗan kasuwar da bai san ta ba.

Mata sun fi kowa iya riƙe biyun, ƙanƙantarwa da awo, a lokaci ɗaya. Ƙawa za ta kawo gudummawar biki ta ce, "Ga wannan ba yawa, a ƙara a sayi gishiri." Uwar biki ta yi godiya ba ta duba ba. Da dare kuwa za a zauna a buɗe komai, a rubuta a littafi ko a haddace: wance ta kawo kaza. Ranar bikin wance sai an mayar mata da abin da ya kai nata ko ya fi. Littafin Baba of Karo, tarihin rayuwar wata Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda wannan musayar ke ɗaure zumuncin mata tun kafin zuwan Turawa. A baki ba yawa, a littafi ba kuskure.

Matsala tana tasowa ne idan maganar kyauta ta ƙetara ta shiga inda hakki yake. Mai hali zai kira yaro ya ce, "Zo ka ɗan taya ni aiki, zan ba ka wani abu." Aikin ya ci yini, wani abun kuma sai abin da mai hali ya ga dama. Yaron ba zai iya cewa ya yi kaɗan ba, don an riga an sa masa rigar kyauta, kuma ba a raina kyauta. Haka ake yi wa almajirin da ke wanki, da 'yar aikin gida, da telan da ɗan uwa ne, da malamin allo da ake aika wa kuɗin Laraba da ba ya sayen ko sabulu. Wannan ba kunya ba ce, cin guminsu ne da lafazi mai daɗi. Shi ya sa nake ganin 'yan ƙwadagon fadama suna da gaskiya da suke yanke kuɗin dashe ko na yanka tun kafin su tsoma ƙafa cikin laka, ko da mai gona zai ce ba su da kara. Haka nan wanda ya tare hanya ya leƙo ta tagar mota ya ce a ba shi na goro, ya ari maganar da ake yi wa gwaggo ne ya lulluɓe abin da sunansa cin hanci. Da za a tilasta masa ya faɗi adadi da dalili, da kunya ta kama shi.

A asibiti kuwa abin yana iya kai wa ga rai. Bahaushe ba ya cewa jikinsa ya tsananta. "Da sauƙi" zai ce ko da ba ya iya tashi, kuma mai jinya zai ce ɗan zazzaɓi ne yaron ke yi, alhali kwana huɗu ke nan ba ya cin komai. Mai jego za ta ce ɗan jini ne take gani, ga shi kuwa zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Ungozomar asibiti da ta san mutanenta ba ta tsayawa a kan "kaɗan". Sai ta tambaya zane nawa aka canza tun safe, yaro sau nawa ya yi gudawa, cokali nawa ya sha. Haka idan za ta koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, ba ta cewa a zuba ɗan gishiri. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tsororo, don gishirin da ya wuce kima yana iya cutar da yaron da ake son ceto.

Abin da ya fi jijjiga al'adar a 'yan shekarun nan ba wa'azi ba ne, waya ce. Dunƙulallen hannu da gefen tabarma suna aiki ne don suna ɓoye adadi har mai bayarwa ya bar wurin. Turin kuɗi ta waya ba ya ɓoye komai: saƙo zai shigo da suna da adadi har da kwabo, sau da yawa mai turawa yana zaune a gabanka. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, har waɗanda ba su taɓa so ba sai da suka koma ba da gudummawar suna da ta biki ta wannan hanya, suna karanto lambar asusu a tsakar gida. Sai mutane suka nemo wata dabara. Mai turawa yakan bari sai ya hau mota ya kama hanyar Argungu, sannan ya tura, ya bi da kira: "Kawu, na sa maka ɗan na kati, a yi haƙuri ba yawa." Wasu dattawan kuma ba sa duba wayar in ta yi ƙara a gaban baƙo, sai su kife ta su ci gaba da hira. Waɗanda ba su da asusu, irin gwaggo, ana tura nasu ga mai POS na bakin titi ko ga wani jika, wanda zai cire, ya naɗe, ya kai mata a dunƙule, sai dai yanzu mutum uku ne suka san ko nawa ne kafin ita ta sani.